Sarƙa Biyu a Hanyar Orozo

Jiya da hantsi ina zaune a kan bencin gareji a nan Dei-Dei, na ji ɗaya daga cikinku yana cewa filat ai ba mota ba ce mai wahala, gado ne aka sa wa taya: a ɗora kaya, ka ja, a sauke. Kuka yi dariya. Ni ma na taɓa faɗin abin da ya fi wannan wauta. Amma tunda uku daga cikinku sun kusa karɓar makulli, kuma masu motocin yanzu ba sa haɗa sabon direba da yaron mota in aikin cikin Abuja ne, bari in gaya muku yadda tawa shekarar farko ta kasance.

Motar da ke da bodi, bodin ne ke riƙe kaya. Tanka tana da tankinta, tifa tana da kwanonta. Filat ba ta da komai sai shimfiɗaɗɗen ƙarfe da ƙugiyoyi a gefe. Duk abin da aka ɗora mata, babu mai riƙe shi sai abin da hannunka ya ɗaura. Tuƙi rabin aikin ne, kuma shi ne rabin da ya fi sauƙi.

Shekara shida na yi a hannun Oga Bitrus, mutumin Kagoro, gajere mai faɗin ƙirji, wanda ba ya son magana in yana aiki. Shekara biyun farko ban taɓa sitiyari ba. Aikina akwatin ƙarfen nan ne da ke ƙarƙashin mota. Kullum da safe in fito da sarƙoƙi, in shimfiɗa su a ƙasa, in bi su zobe-zobe da yatsa ina neman wanda ya buɗe baki ko ya sirance. Kowace sarƙa tana da ƙarfen ɗame ta, mai hannu, wanda ake dannawa ya ja ta ta yi tauri. Akwai bel-bel masu ƙugiya, da guntun bututu da muke zura wa hannun ƙarfen don ƙarin ƙarfi, da katakan shimfiɗa, da yankakkun tsofaffin tayoyi da ake sawa a kusurwar kaya don kada kaifi ya ci bel. Sai waigi biyu na tokare taya, da jan ƙyallen da ake ɗaura wa wutsiyar rodi, da tamfol wanda mutum biyu ke ɗauka da nishi.

Duk lodin da muka yi, in mun yi tafiyar kamar minti goma, Oga Bitrus zai nemi wuri ya tsaya. Zai sauko da sifana a hannu, ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa sarƙoƙin ɗaya bayan ɗaya.

"Saurara, Haruna," yakan ce. "Wadda ta yi kuka siriri, ta kama. Wadda ta yi ƙara kamar tsohon bokiti, barci take."

Dalili kuwa shi ne, in mota ta fara tafiya kaya yakan zauna, ya nemi wa kansa wuri, sai sarƙar da ta yi tauri a gareji ta saki. Wannan na gan shi har ban san iyaka ba, na kuma ɗauka na gama sanin aiki. Abin da ban lura da shi ba shi ne abin da yake yi tun kafin a fara lodi. Yakan tsaya da mai kaya a gefe, suna ja-in-ja, wani lokaci har murya ta tashi. Ni kuwa ina can ina warware igiya, ina cewa a raina Oga dai baƙar zuciya gare shi.

Da wani Alhaji mai motoci uku ya zo neman direba, Oga Bitrus ya nuna ni, ya ce, "Hannunsa ya iya. Bakinsa ne bai iya ba tukuna." Na ɗauka Turanci yake nufi. Alhaji ya yi dariya, ya miƙo mini makulli. Ya ce aikin na cikin gari ne, ba sai da yaron mota ba, akwai 'yan lodi a inda za a ɗauka, akwai leburori a inda za a sauke.

Aikina na farko ni kaɗai siminti ne, zuwa wani gini a bayan kasuwar Wuse. Tuƙin bai ba ni wahala ba. Da na isa sai na tarar lungu ne, ba a shiga sai da ribas, ga motocin haya an jera a bakinsa, ga masu baro suna kaiwa da komowa. Shekara shida ni ne mai tsayawa a baya ina ɗaga wa Oga hannu. Ranar na dubi madubi, babu kowa nawa a ciki. Sai kowane mai wucewa ya zama malamina. Wannan yana cewa in zo, wancan yana cewa in tsaya, wani yana dukan ƙarfen motar da tafin hannu. Na bi muryar da ta fi ƙarfi, wutsiyar motar ta kwashe rumfar wani mai gyaran takalmi, ta zubar masa da kayan aiki cikin kwata. Allah ya sa ya tashi sallah. Tun daga ranar, in zan yi ribas sai na sauka na taka wurin da ƙafata, ko da sau goma ne. In kuma dole sai an duba mini, mutum ɗaya nake zaɓa, in ce masa: "In ka ɓace daga madubina, zan tsaya, ko me kake faɗa."

Wani lodin siminti kuma, a Lugbe, hadari ya taso mini ina tsakiyar hanya. Na hau saman buhunan da tamfol ni kaɗai. Kuskuren da na yi, na warware shi gaba ɗaya kafin in ɗaure gaba. Iska ta shiga ƙarƙashinsa, ya kumbura, ya ja ni har bakin motar. Na sake shi don kada in faɗo, ya tashi ya lulluɓe shingen wani gida. Kafin in kwaso shi ruwa ya sauko, buhunan sama suka sha. Wannan haƙorin da kuke gani babu kuma, ba faɗa ba ne. Ƙarfen ɗame sarƙa ne. Ina danna shi da bututu, hannuna da gumi, ya suɓuce ya dawo. Da fuskata ta ƙara kusa da faɗin yatsa biyu, da muƙamuƙina ya tafi da shi. In za ku danna, ku tsaya a gefensa, kada ku leƙa kansa.

Waɗannan duka ƙananan abubuwa ne. Kowane sabon direba yana da irin nasa, kuma ana warkewa. Abin da ya fi su shi ne mai kaya. Mai kaya ba mugu ba ne, amma shi ba sarƙa yake gani ba, agogo yake gani. In ya ga tsohon direba, yakan sassauta. In ya ga sabo, shi kaɗai, babu wanda zai waiwaya ya kalla, sai ya zama shi ne direban. Zai ce a ƙara wannan a sama. Zai ce a bi ta wannan hanya, ai ƙasar ta bushe. Zai ce wayar wutar ba ta yi ƙasa ba, ka wuce kawai. Kai kuma kana tsoron a ce sabon direban Alhaji mai tsoro ne, sai ka ce to.

A watana na bakwai da karɓar makulli, cikin damina, wani mai kwangila da kowa ke kira Injiniya ya ɗauke ni in kai masa rodi Orozo, inda yake gina sito. Tun da safe aka fara lodi a nan kasuwar kayan gini, sai azahar muka gama. Sarƙa takwas ne a akwatina. Na shimfiɗa katako, aka jera ɗaurin rodin, na sa musu sarƙa huɗu, na ɗaura jan ƙyalle. Aiki ya yi kyau. Ina wanke hannu sai ga Injiniya da motar ƙugiya mai ɗaga kaya, tana tafe da farantan ƙarfe huɗu, kowanne ya fi ƙofar ɗaki faɗi, kaurinsa kamar babban yatsa. Sababbi ne, da maiƙo a jikinsu.

"Oga direba, a ɗora waɗannan a sama," in ji shi.

Na san amsar da ta dace. Faranti ba ya hawa kan rodi. Rodi a mulmule yake, faranti a shafe yake, in ka ɗora ɗaya kan ɗaya ka yi wa farantin taya ke nan. Wurinsa ƙasa, a kan katako. Ma'ana sai an sauke rodin duka, a shimfiɗa farantan, a sake lodi.

Na ce, "Injiniya, sai dai a sauke a sake."

"Awa nawa zai ci?"

"Kamar biyu."

"Babu wannan lokacin. Ka san in yamma ta yi ba za su bar babbar mota ta sauka Nyanya ba. Ina da mutum goma suna zaune suna jira na. Wanda ya kai mini wancan satin haka ya ɗauka, bai yi surutu ba."

Ya ciro waya ya kira Alhaji, ya juya mini baya suka yi magana, sannan ya miƙo mini. Alhaji bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Haruna, wannan mutumin namu ne. Kada ka kore mini shi. Ka ɗaure da kyau, ka tafi a hankali."

Na ce to.

Aka ɗora farantan. Ko a hakan, da na yi abin da aka koya mini, da wataƙila an tsira. Faranti yana son sarƙa huɗu: biyu a tsakiya, biyu a gicciye ta gaba da baya, yadda ba zai sami hanyar zamewa ta kowane gefe ba. Na jefa biyu na tsakiya, na ɗame su. Na sunkuya zan ɗauko sauran, sai motocin da na tare wa hanya suka cika kasuwa da hon. Yayyafi ya fara. Injiniya ya riga ya hau gaba ya zauna, yana leƙowa ta taga yana nuna mini agogo. Na girgiza sarƙoƙin biyu da hannu, na ji sun yi tauri. Na rufe akwati.

Da muka wuce Kubwa na sa sigina zan sauka gefe.

"Me kuma?" in ji Injiniya.

"Zan duba sarƙa."

"Ba yanzu ka ɗaura ba a gabana? Haba, oga direba."

Na kashe sigina na ci gaba.

Gangaren Kugbo shi ne abin da nake tsoro, kamar kowa. Na sa ƙaramar giya tun daga sama, idona a kan allurar iska, ina taɓa birki kaɗan-kaɗan ina saki. Motocin haya suna ta shiga gabana. Muka sauka lafiya. Da na ga gadar Nyanya har na ji kaina ya ɗan fasu, na ce a raina ashe abin bai kai yadda Oga ke zuzuta shi ba. Ban yi tunanin cewa gangare a miƙe yake ba, kuma kayana ta gefe suke da hanya.

Daga Karu zuwa Jikwoyi zuwa Kurudu kun san hanyar. Rami, tudun rage gudu, rami. Kowanne motar ta hau ta sauka, rodin yana ƙara zama, sarƙa tana ƙara saki. Bayan Kurudu na hango ta madubi sarƙar baya tana ɗan rawa. Na gan ta da idona. Babu wurin tsayawa mai faɗi, kuma saura kaɗan mu isa. Na ce bari in ƙarasa.

Dab da Orozo akwai wata kwana da titin ya karkata dama, ruwa ya cinye bakin kwaltar. Wani keke mai ƙafa uku ya fito daga lungu ya shigo gabana. Na karya sitiyari dama. Tayoyin baya suka sauka daga kwalta, motar ta jirkice kaɗan, ba sosai ba, irin jirkicewar da ba ta komai da lodin siminti. Sai na ji ƙara a bayana, doguwa, kamar ana jan ƙofar ƙarfe a kan dutse. Farantin sama ya zare daga ƙarƙashin sarƙa ya fita ta gefe.

Mata uku ne ke tafiya a gefen titi, sun fito daga gona, matan Gbagyi, da kayansu a kafaɗa kamar yadda suke ɗauka. Biyu sun yi tsalle. Ta ukun tana ɗauke da daron ɗanyar masara, ba ta ga abin da ke zuwa ba. Farantin ya dira da gefensa, ya kwanta a kan ƙafarta ta hagu, ƙasa da gwiwa.

Na ja birkin hannu na sauko. Ba ta yi ihu ba. Wani suna take ta kira a hankali, sau da yawa. Masara ta watse a cikin taɓo. Na kama gefen farantin ni kaɗai, ko motsi bai yi ba. Na gudu na buɗe akwati na ɗauko jak da bututu da katako, maza shida suka zo suka sa hannu, muka ɗaga shi kamar taƙi ɗaya, aka ja ta. Wani ya ɗaure mata cinya da zani, aka sa ta a bayan wata a-kori-kura aka nufi asibiti. Da motar ta tafi sai mutane suka waiwayo kaina. Na sha duka, ban kuma kare ba. Wani dattijo ne ya shiga tsakani, ya tura ni cikin shagonsa ya rufe har 'yan sanda suka zo. Injiniya kuwa, an ce an ga ya hau okada tun ana ƙoƙarin ɗaga farantin.

Kwana huɗu na yi a tsare kafin shugabannin ƙungiyarmu su fito da ni. A nan na ji sunanta Ladi, mijinta Tanko, manoma ne, 'ya'yansu biyar. Sunan da take kira na autarta ne. Likitoci ba su iya ceto ƙafar ba, aka yanke ta.

Bayan sati uku aka kira zaman sulhu a gidan mai unguwarsu. Alhaji ya turo wakili. Oga Bitrus ya ajiye motarsa a Lokoja ya hau motar haya ya zo, ya zauna kusa da ni a kan tabarma. Manya suka yi magana a kan asibiti da magani, aka daidaita. Wakilin Alhaji ya yi ta maimaita cewa tsautsayi ne, mai keke ne ya jawo. Tanko yana zaune a gefe, siriri, da tsohuwar hular saƙa, hannuwansa a kan gwiwa. Sai da aka kusa tashi ya ce yana so ya tambayi direba.

Na ce, "Ina ji, Baba."

"Ni ban san aikin mota ba. Wannan ƙarfen, da me ake riƙe shi?"

"Da sarƙa."

"Nawa ka sa?"

"Biyu."

"Nawa ake sawa?"

Wakilin Alhaji ya taɓa mini ƙafa. Oga Bitrus yana kallon ƙasa.

Na ce, "Huɗu."

"Ba ka da sauran ne?"

"Ina da su."

"Suna ina?"

"Suna cikin akwati, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Bai zage ni ba, bai ce ya yafe ba. Ya tashi ya sa takalmansa, ya ce zai je ya kai wa yara abinci.

Washegari Alhaji ya karɓi makullinsa. A wannan garejin da kuke zaune babu wanda ya sake ba ni mota. Suna ya bi ni, Mai Faranti, har masu sayar da abinci da shi suke kirana. Matata ta kwashe yara ta koma Giwa wurin iyayenta, domin ba mu iya riƙe ɗakin da muke ciki a Nyanya ba. Na koma cikin 'yan lodi, ina ɗaura wa wasu direbobi kaya, waɗansunsu ma ni na koya musu riƙe sarƙa. Damina ta wuce, rani ya wuce. Duk motar da na ɗaura wa kaya, in ta fita, sai in tsaya ina kallon bayanta har ta sha kwana.

Da wata daminar ta kama, Oga Bitrus ya same ni a kan lodin bulo. Ya ce yaron motarsa ya tafi, in ina so in dawo. Ina da shekara talatin da uku a lokacin, na taɓa riƙe mota tawa. Na sauko na ɗauki jakata na bi shi. Na koma wanke gilashi da tokare taya da kwana a kan tamfol.

Abu ɗaya ya canza. In mai kaya ya zo, Oga Bitrus ba ya tashi. Zai zauna a kan waigi yana ɓare gyaɗa, ya ce, "Ga shi nan, ku yi magana da shi." A Idu wani ɗan kasuwa ya kawo babban janareto, ya ce a ɗora shi a wutsiyar mota don ya yi sauƙin saukewa. Na ce wurinsa tsakiya, kan tayoyi. Ya ce shi ba da yaron mota yake magana ba. Na waiwaya, Oga ko ɗago kai bai yi ba. Na ce in ba a tsakiya ba, motar nan ba za ta ɗauka ba. Mutumin ya zage ni, ya zagi wanda ya haife ni, ya kira wata mota. A gabanmu aka ɗora mata yadda yake so, ta tafi, kuma na ji ta isa lafiya. Muka koma gareji babu kaya. Wannan ma ku sani: yawancin ranakun da za ku ƙi, wani zai ɗauka, ya kai lafiya, a yi muku dariya. Babu wanda zai zo ya ce kun kyauta. Da muka tsaya a Dei-Dei sai Oga ya miƙo mini sauran gyaɗar.

Shekara ɗaya da rabi na yi a haka, sannan ya tsaya mini wurin wata Hajiya mai mota ɗaya, ta ba ni makulli. Iyalina suka dawo. Oga Bitrus ya bar tuƙi da idonsa ya fara rauni, ya koma gida Kagoro, can ya rasu. Ni kuma na yi shekaru ina ƙin duk lodin da zai bi da ni hanyar Karshi, wadda ta ratsa ta Orozo. In an ce Orozo sai in ce motar tana da aiki.

Bara waccan ne na kasa kaucewa. Hajiya ta karɓi aikin kai bulo wani sabon rukunin gidaje, sahu goma sha biyu, kuma a Orozo ne. Na je. Wurin da na sani gonaki ne ya zama katanga da ƙofar ƙarfe da kwanon rufi ja. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran mai gadi ya buɗe, na sauko in sa waigi. A gindin katangar akwai wata mata a ƙarƙashin laima, da tebur, da kular ruwan leda da dafaffiyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tana sayar wa leburori. Sandar guragu tana jingine a bayanta. Zaninta ya sauka a gefe ɗaya babu komai a ƙarƙashinsa.

Ina iya komawa cikin mota in jira. Na daɗe a tsaye da waigi a hannu, sannan na ajiye shi na ƙarasa. Na durƙusa na gaishe ta.

"Sannu, Mama."

"Yawwa, sannu direba. Ruwa?"

"Mama, ni ne Haruna. Ni ne direban nan na kwanar can."

Ta ɗago ta dube ni. Ta tsufa fiye da shekarunta. Ta daɗe tana kallona, tana juya ledar gyaɗa a hannu.

"Ban taɓa ganin fuskarka ba," in ji ta. "Ranar ƙafafunka kawai na gani, kana ta gudu da ƙarfe."

Na tambaye ta Baba Tanko. Ta ce ya rasu shekara uku da suka wuce. Ta ce da ta kwanta ya kasa riƙe gonar shi kaɗai, yaran kuma ƙanana, sai ya sayar. Ta nuna katangar da haɓa.

"Nan ne. Daga ƙofar nan har wancan tankin ruwa. Masara a sama, doya a ƙasa wajen rafi. Su suka bar ni in zauna a nan."

Na ce, "Mama, ki yi haƙuri."

"An ce ka bar mota."

"Na bari. Na koma."

"To, in ba ka koma ba me yaranka za su ci."

Wani lebura ya leƙo ta bayan motar yana neman hanya, ya kasa wucewa tsakanin taya da kwata, ya juya. Ta bi shi da kallo.

"Direba," ta ce, "ka matsar da motarka gaba kaɗan. Ta tare ni, masu saye ba sa ganina."

Na tashi. Na zagaya na duba gaba da baya, na tabbatar babu kowa kusa da taya, na hau na matsar da ita har laimar ta fito a madubina. Sahu goma sha ɗaya suka rage mini. Kowanne na kawo, a can gaba nake tsayawa.